Ɗaurin Jirgin Abdulbaƙi

Ni dai tun farko na ce kada a je. Ina so a san wannan, domin yanzu kowa a unguwarmu ta Setapak yana ba da labarin kamar shi ne ya hango abin, alhali waɗanda suka fi surutun ko tashar jirgin ba su leƙa ba. Ni, Muttaka, ina wurin daga fari har ƙarshe, kuma ni na ɗauki kular dambu.

Abdulbaƙi maƙwabcina ne, ƙofarmu na kallon juna a hawa na sha tara. Mutumin Rano ne, shekararsa ta huɗu ke nan a Kuala Lumpur yana digiri na uku a kan tsarin ajiyar littattafai. Ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya: ba a taɓa ambatar wani abu a gabansa ya ce bai sani ba. In ka ce ruwa kuwa, to ka sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Kakansa, in ji shi, Sarkin Ruwa ne a Tiga, har kada na zuwa gaishe shi ranar Juma'a.

Abin da ya tada maganar shi ne zuwan surukarsa, Hajiya Ɗelu, tsohuwar 'yar kasuwa mai sayar da busasshen kifi a Kano. Ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba. Jikanta Fa'iz ya kai wata ashirin, kuma a gidansu yaro a hannun kakarsa ake yaye shi. Ranar da ta sauka ta miƙa hannu ta ce, "Zo nan, angona." Yaron ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Tak nak." Da aka fassara mata cewa da yaren Malay ya ce ba ya so, ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi a shirya masa kayansa, za ta tafi da shi Kano, ranar da ya iya cewa ina kwana a zo a ɗauka. Kowa kuwa ya san yayen kaka: a tafi da yaro a goye, a dawo da shi da jakar makaranta.

Abdulbaƙi yana son yaron nan, so na gaske, ba na cika baki ba. Na same shi a matattakalar bene ya tasa kwano a gaba bai ci ba, idonsa ya yi ja, ya ce barkono ne. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Amma ba shi da bakin cewa a'a, don surukuta irin ta da suke yi. Tun da Hajiya ta zo, a waje yake tuɓe takalmi, ya tsuguna ya gaishe ta yana kallon siminti. Ba ya cin abinci a gabanta, shi ya sa ya ƙaura matattakala. Ita ma ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko su uku ne a falo, sai ta ce wa 'yarta, "Zuhra, ki ce wa mai gidanki an gode," Zuhra ta juya ta ce, "Umma ta ce an gode," shi kuma ya ce, "Ki ce wa Umma ba komai." A falon da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa bango.

Saura kwana tara Hajiya ta tafi da yaron, Abdulbaƙi ya same mu a mamak ɗin ƙasan bene, shagon da muke shan shayi, ni da Sha'aibu mai kawo wa ɗalibai kilishi da yaji. Ya ajiye wasu takardu masu hotuna a kan tebur.

"Na samo mafita," in ji shi. "Ba zan yi musu da Umma ba. Da ido zan kafa mata hujja. Zan ɗauki shatar jirgin ruwa, ni zan tuƙa da kaina, ta ga irin rayuwar da yaron nan yake yi a nan. Ta ga wane ne ubansa. Da bakinta za ta ce a bar shi."

Ya shiga buɗe takardun. Ga Langkawi, tsibirai kusan ɗari, mikiya na saukowa ta ɗauki kifi a gabanka. Ga Tioman, ruwa garai-garai, in ka jefa allura za ka hango ta a ƙasa. Ga Redang mai farin yashi kamar garin tuwo. Ga Pangkor, inda rana ke faɗuwa a hankali don baƙi su samu su yi hoto. Daga wannan tafiyar ma, in ji shi, zai buɗe kamfanin kai Hausawa yawon teku, tunda duk Maleshiya babu Bahaushen da ya san ruwa kamarsa.

Sha'aibu ya kurɓi shayi. "Tigar nan, ba dam ɗin da gwamnati ta gina ba ne? Yaushe ya yi sarki?"

"Da ruwan aka kawo sarautar."

"Kai ka taɓa tuƙa jirgi?"

"A jini yake, lah," in ji shi, da salon maganar mutanen Maleshiya.

"To ka iya iyo?"

"Wanda ya iya tuƙi me zai yi da iyo?"

Na ce kada a je. Abdulbaƙi ya ce ni Bakatsine ne, ruwan da na sani na buta ne. Ban yi musu ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Kafin kwana uku Langkawi ta yi wa tsohuwa nisa. Tioman kuma lokacin iska ne. Pangkor ta cika da Turawa marasa sutura, bai dace a kai Umma ba. Tafkin Putrajaya, in ji shi, kududdufi ne da aka sa wa fitilu. A ƙarshe muka dira a Port Klang, sa'a ɗaya da 'yan mintuna a jirgin ƙasa, wurin wani dattijo mai suna Pak Zaid da ke ba masu kamun kifi shatar ɗan jirginsa. Za mu je wani ƙaramin tsibiri na masunta. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanen can sun riga sun sha dariyarsu.

Ranar Asabar da sassafe Abdulbaƙi ya fito cikin farar shadda, riga da wando, an sha guga har tana ɗaukar ido, ya ɗora wata hular kyaftin da ya sayo a unguwar Brickfields, mai zaren zinare a goshi. Mu shida ne ban da Pak Zaid: shi, Zuhra, Hajiya, Fa'iz, Sha'aibu da ni. Jirgin Pak Zaid bai fi tabarma uku a tsawo ba, injinsa a baya, da sandar tuƙi. Pak Zaid ya raba mana riguna ruwan lemo masu hana nutsewa. Kowa ya sa har Fa'iz, ban da kyaftin, wanda ya ce za ta ɓata masa guga.

Nan matsala ta farko ta ɓullo. Hajiya ta shiga ba wanda ya riƙe ta, ta wuce gaba ta zauna, ta juya wa iska baya don kada ta bugi jikanta. Wato ta fuskanci baya, inda mai tuƙi yake. Abdulbaƙi ya kama sanda, ya ɗaga kai, suka yi ido huɗu, nan take ya sunkuyar. Haka muka bar tasha, kyaftin yana tuƙi yana kallon yatsun ƙafarsa.

Wani mai kwale-kwale yana zaune yana jefa fatsa, muka wuce shi ya ɗaga mana hannu. Bayan ɗan lokaci muka sake wuce wani, shi ma ya ɗaga hannu. A karo na uku Sha'aibu ya ce, "Mutanen nan akwai kama da juna."

"Shi ne dai," in ji Zuhra.

"Gwajin inji nake yi," in ji Abdulbaƙi, bai ɗago ba.

Pak Zaid mutum ne mai kawaici. Sai ya matso ya zauna kusa, ya ɗora ƙafarsa a ƙasan sandar. Daga nan jirgi ya miƙe. Hannun Abdulbaƙi na sama, ƙafar Pak Zaid na tuƙi, muka ratsa ta tsakanin itatuwan nan masu tsayawa cikin ruwa da saiwoyinsu a waje. Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau. Iska mai daɗi, fararen tsuntsaye, Fa'iz na ta tafi. Abdulbaƙi ya ce wa Zuhra ta ce wa Umma wannan somin taɓi ne.

Wajen ƙarfe goma muka isa. Ƙauyen duk a kan dogayen turaku yake, da gadar katako mai tsawo inda jirage ke tsayawa. Ruwa ya cika fal, har daga jirgi taku ɗaya muka yi muka hau gadar. Pak Zaid ya ɗaure jirgin a turke, ya bar igiya mai tsawo tana lilo cikin ruwa. Sannan ya kira kyaftin gefe, ina tsaye ina ji, ya yi masa bayani da Turanci da hannu. Ya ce nan da 'yan sa'o'i ruwan nan zai janye gaba ɗaya, jirgi zai zauna a kan laka, babu komai, sai bayan la'asar ruwa zai dawo mu tafi. Shi zai je walima gidan ƙanwarsa a ɗaya gefen tsibirin. Abu ɗaya ya roƙa, kada a taɓa igiyar.

"Boleh, boleh," in ji Abdulbaƙi, wato ba damuwa.

Pak Zaid na ba da baya ya dube ni. "Ka ji tsoho? Wai ruwa zai janye kafin azahar. A watan da ake ruwan sama kullum."

Na ce, "Ai na taɓa karantawa teku na cika tana janyewa."

"Teku ka ce. Dubi can, me ka gani? Gaɓa. Dubi nan, gaɓa. Ruwan da kake ganin gaɓarsa biyu kogi ne, kogi kuwa sai da rani yake ja, shi ma sai ya yi wata uku yana shawara." Ya nuna igiyar da baki. "Kuma dubi wannan ɗaurin ragwanci. Haka ake ɗaure akuya ta ci shukar mutane."

Ya naɗe hannun riga, ya janyo jirgin har hancinsa ya manne da gada, ya naɗa igiyar a ƙolin turken sau bakwai, ya ƙulle, ya sake ƙullewa. Ya ce sunan wannan ɗaurin Sarkin Ruwa, ba a koya wa bare.

Hajiya na tsaye da Fa'iz a goye. Ta dubi turakun gadar, inda ƙananan katantanwa suka manne, ta dubi igiyar. "Zuhra, ki ce wa mai gidanki ya mayar da igiyar nan yadda mai jirgi ya bar ta."

Zuhra yarinya ce mai ladabi, ba ta son mijinta ya ji kunya a gaban abokai. Ta ce, "Abban Fa'iz, Umma ta ce ko za a ɗan duba igiyar."

"Ki ce wa Umma na duba."

"Ki ce masa ruwan nan tafiya zai yi."

"Umma ta ce ruwan yana da tafiya."

"Ki ce wa Umma ta kwantar da hankalinta, tana hannun 'yan gado."

Hajiya ta gyara goyonta ta ce, "To." Ni dai wannan to ɗin bai kwanta mini ba.

Muka bi gadar zuwa wata rumfa a cikin ƙauye, kusa da ɗan masallacinsu, inda ba a hango jirgi. Aka buɗe kula, dambun shinkafa da zogale, da soyayyar kaza. Abdulbaƙi ya ɗebi nasa ya zagaya bayan rumfa saboda Umma. Ba a jima ba muka ji guje-guje. Ya dawo ba kwano, ya ce ya ga birai cikin yunwa ya yi musu sadaka. Sha'aibu ya tambaya ko har da kwanon aka yi sadakar, ya ce ai ba a ba wa baƙo abinci a ƙasa.

Da cikinsa babu komai ya tsaya ya yi mana jawabi, fuskarsa wajen Zuhra, muryarsa wajen Hajiya. Ya ce yaron da ya tashi yana ganin teku zuciyarsa faɗi take yi. Ya ce bayan azahar zai kai mu inda kifaye ke tsalle suna gaida mutane. Ya ce baɗi war haka Fa'iz da kansa zai riƙe sanda. Hajiya tana ta ɓare wa jikanta ƙashin kaza.

Muka yi sallar azahar, muka kama hanyar jirgi. Tun daga nesa na ga wani abu fari a tsaye jikin gada kamar an shanya babbar riga. Da muka matso, jirginmu ne. Hancinsa na sama a manne da ƙolin turke, gindinsa da injin sun nutse a laka, ya yi tsaye kamar ragon da aka rataye za a feɗe. Ruwa kuwa babu. Iya ganinka laka ce baƙa tana sheƙi, ƙaguwa na yawo a kai, can nesa wani siririn ruwa yana ƙyalli.

Fa'iz ya nuna da yatsa ya ce wani abu da Malay.

Abdulbaƙi ya gyara hula. "An rufe dam," in ji shi.

"Wane dam?" in ji Sha'aibu.

"Na sama. Haka suke yi mana a Tiga, ba sanarwa. Muttaka, nemo mini lambar hukumar ruwa, in yi magana da babbansu."

"Ka ce a buɗe teku?"

"Kogi."

Masunta suka fara taruwa a kan gada, maza da mata, ba mai dariya a fili, don mutanen nan akwai kunya. Wani ya taɓa ƙullin igiyar ya girgiza kai. Nauyin jirgi ya ɗaure shi tam, ko farce ba ya shiga. Suka ce a jira Pak Zaid, sun aika a kira shi. Abdulbaƙi ya saci kallon Hajiya, ya ga tana kallon jirgin, ya ce babu wanda zai jira. Zai sauka ya ɗaga gindin jirgin da kafaɗa, igiya ta yi sako-sako, mu kuma mu kwance.

"Zuhra, ki ce masa kada ya taka lakar nan."

"Umma ta ce ka taka a hankali."

Ya bi tsani ya sauka. Takun farko laka ta kai masa gwiwa. Ya ce daidai, haka yake so, ya samu wurin tsayawa. Taku na biyu ta kai cinya. Da ya yunƙura zai yi na uku, sai ta riƙe shi a ƙugu, taku biyu tsakaninsa da jirgin, taku uku tsakaninsa da tsani. Daga ƙugu zuwa sama kyaftin ne cikin farar shadda, daga ƙugu zuwa ƙasa babu labari.

Pak Zaid ya iso da ƙunshin abincin walima a hannu. Ya dubi jirginsa, ya dubi ɗaurin, ya dubi mutumin da ke cikin laka. Ya ajiye ƙunshin a hankali. Shi da masunta huɗu suka ɗaura wata igiyar, suka yanke ɗaurin Sarkin Ruwa da wuƙa, suka sassauta jirgin har ya kwanta. Sannan suka jefa wa kyaftin igiya. Ya kama, aka ja, ya ɗan taso, sai kawai ya saki ya koma, ya cusa hannu biyu cikin laka.

Na bi tsani na sauka iya inda zan iya. "Me ya faru?"

Ya yi ƙasa da murya. "Tazuge ya tsinke."

"To?"

"Lakar ta riƙe wandon. In aka ja ni, ni kaɗai zan fito."

"Ai rigar ta kai gwiwa."

"Muttaka, Umma na sama. Kuma da ita zan shiga jirgin ƙasa."

Na ce ya zaɓa, wando ko rai. Ya ce yana tunani.

Sa'a biyu ya yi yana tunani. Duk igiyar da aka jefa masa sai ta faɗi a gabansa, don hannayensa na ƙasa riƙe da wando. Rana ta buɗe. Ƙauyen ya ƙaru a kan gada, wayoyi suka fito, wata mata ta kawo lemo mai ƙanƙara ta fara sayarwa. Wani kifi mai tafiya a kan laka ya zo ya tsaya gabansa, suka kalli juna. Da aka tambaye shi daga sama me ake ciki, ya ce yana nazarin ƙasar ne, lakar nan tana maganin sanyin ƙashi. Sha'aibu ya ce to a bar shi ya gama shan magani. Ya ƙara da cewa in kamfanin ya buɗe, a sa wannan a cikin takardar hotuna.

Ana kiran la'asar na ga siririn ruwan can ya yi faɗi. Ba da ƙara ya zo ba, shimfiɗowa ya yi kamar an zubar da bokiti a tsakar gida. Kafin mu gama salla ya iso gindin turaku. Ya taɓa cikin Abdulbaƙi, ya hau ƙirjinsa.

"An buɗe dam," in ji Sha'aibu, amma wannan karon babu wanda ya murmusa. Zuhra ta fara kuka. Fa'iz ya leƙo daga goyo yana kiran Abba. Ni kaina na tsorata, don na san mutumin nan, zai iya nutsewa da wandonsa a hannu yana cewa da gangan ne.

Hajiya Ɗelu ta kwance goyo ta miƙa wa Zuhra yaron. Ta buɗe jakarta ta zaro zanen atamfa mai zanen kaji, ta rataya a wuya. Ta nuna wani faffaɗan katako da masunta ke hawa in za su tsinci katantanwa a laka, ta yi alama a sauke mata. Pak Zaid ya fara cewa wani abu, ta ɗaga masa hannu. Ta tattare zaninta, ta bi tsani ta sauka, ta ɗora gwiwa ɗaya a kan katakon, ta tura da ɗaya ƙafar. Sai ga tsohuwa tana sulɓi a kan laka kamar a nan aka yanke mata cibi.

Na dubi Zuhra. Tana share hawaye ta ce, "Shekara ashirin da biyu Umma ta yi tana sarin kifi a ƙauyukan bayan Fatakwal. A can ruwa sau biyu yake tafiya kullum."

"Mijinki ya sani?"

"Ya san tana sayar da kifi. Bai taɓa tambayar inda take sarowa ba. Ta yaya zai tambaya?"

Hajiya ta isa gabansa. Ruwa ya kai masa hammata. Duk da haka ya yi ƙoƙarin tsugunawa, ya sunkuyar da kai har hular ta faɗa ruwa ta kama hanyar Port Klang. Ya ɗaga murya ya ce, "Zuhra, ki ce wa Umma..."

"Abdulbaƙi."

Masuntan ba su san me ya faru ba, amma mu mun sani. Shekara uku da auren, ranar ce ta fara kama sunansa.

"Na'am, Umma."

"Saki wandon."

"Umma, ai..."

"Na haifi maza huɗu, na yi wa jikoki tara wanka. Ɗaga hannu."

Ya ɗaga. Ta zagaya masa zanen a ƙarƙashin riga, ta ɗaure shi tam a ƙirji irin ɗaurin masu jego. Ta ce ya kwanta da ciki a kan katako, ya daina tsayawa kamar turke, ya karkaɗa ƙafa ɗaya ɗaya. Ta ɗaga kai ta yi wa mutanen gada alama. Aka ja. Lakar ta yi wata ƙara kamar an zare ludayi daga tuwo mai tauri, kyaftin ya fito. Wando da takalmi suna can har yau.

Mutanen ƙauye suka tafa wa Hajiya. Mai lemo ta ƙi karɓar komai a hannunta. Pak Zaid ya wanke injinsa, ya gwada, ya tashi, ya tuƙa mu gida da hannunsa, Abdulbaƙi na zaune a tsakiya cikin rigar lemo mai hana nutsewa. Wani masunci ya kawo masa aron zanen maza irin nasu, Hajiya ta ce a bar shi da wanda yake jikinsa, ɗaurin ya yi kyau. Haka muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka a babbar tasha ta tsakiyar gari, muka canja jirgi zuwa Setapak, kyaftin cikin atamfa mai kaji, ba takalmi. Kafin mu iso, hoton ya riga mu. Duk Hausawan mamak sun fito bakin titi, wani ya ƙame ya sara masa.

A falo Hajiya ta zauna, Fa'iz na barci a cinyarta. Ni na shigo ajiye kula, sai na ƙi fita. Abdulbaƙi ya tsuguna a bakin ƙofa, ya san ya gama yawo. Ko ɗaga ido bai yi ya kalli yaron ba.

Hajiya ta ce, "Yaro ɗaya na zo ɗauka. Na zo na tarar biyu ne, babban kuma ba zai goyu ba. In na tafi da ƙaramin, yaya zan bar Zuhra da wannan? A ɗaga tafiyar, a je a ƙara mini kwanakin zama. A nan za a yi yayen."

"Har yaushe, Umma?" in ji Zuhra.

"Sai na ga sun yi hankali."

Jiya na same shi a matattakala da kwanonsa, inda yake cin abinci safe da rana da dare har yanzu. Fa'iz na zaune kusa da shi yana tsoma hannu a miya. An yaye shi lafiya, har ya iya cewa ina kwana, ko da yake da yamma yake faɗa.

Abdulbaƙi ya shafa kan yaron ya dube ni. "Ka dai ga bai tafi ba."

Na ce na gani.

"To me na ce muku a mamak? Da bakinta za ta ce a bar shi. Duk abin nan a lissafe yake, har lakar."

Zan ba shi amsa ke nan, murya ta fito daga cikin gida, ba ta bi ta kan kowa ba.

"Abdulbaƙi."

Ya ajiye cokali, ya tuɓe takalmi tun daga matattakala, ya tafi.